Kalmomin da Dukiya Ke Rataye a Kansu

Tun ranar 20 ga Fabrairu 2025, da aka buɗe wa kuɗin intanet na Pi ƙofar kasuwa bayan shekarun da samarinmu suka shafe suna latsa waya kullum don tara shi, koke ɗaya ne ke ta maimaituwa a majalisu da shagunan cajin waya: wane ya sauya waya, ko an sace masa ita, ya nemi kalmomin sirri na buɗe asusunsa ya rasa, ga dukiya yana hange amma hannu ba ya kai gare ta. A kan wannan musiba kuma sai ga jita-jita cewa akwai gwanayen da ke dawo da kalmomin in an biya su lada, alhali babu mahaluƙin da aka ba wannan iko.

Asalin kuskuren, wanda shi ya fi damuna, shi ne zaton da jama'a ke yi cewa kuɗin yana cikin wayar, ko kuwa yana hannun kamfani kamar ajiyar banki, inda mai mantuwa zai je da katin shaida a sabunta masa lambarsa. Haƙiƙa kuɗin rubuce yake a wani kundin lissafi da ɗimbin kwamfutoci a sassan duniya ke riƙe da kwafinsa, waya kuwa taga ce kurum da ake leƙawa ta cikinta. Kalmomin nan goma sha biyu ko ashirin da huɗu, waɗanda ake zaɓowa daga jerin kalmomi 2048 bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2013, daga gare su ake fitar da makullin. Ka ƙaddara rumbu ne a tsakar kasuwa, kowa na ganinsa, amma maƙerin da ya ƙera makullinsa ya rasu bai bar almajiri ba. Ko kuma takardar gona ce da ba a rubuta sunan kowa a kai ba, wanda duk ya riƙe ta shi ne mai gona, kuma babu alƙalin da zai saurari da'awar wani. Alal misali, wani Bature mai suna James Howells, a garin Newport na ƙasar Birtaniya, an zubar da ma'ajiyar kwamfutarsa a juji a 2013 ɗauke da makullin kuɗin intanet na Bitcoin wajen 8000, ya yi shekaru yana roƙon a bar shi ya tona, har kotu ta kori ƙararsa a Janairun 2025.

Maganin kuwa alƙalami ne da takarda. A rubuta kalmomin bi da bi, kowace da lambarta, domin jerinsu sharaɗi ne, sa'an nan a yi kwafi biyu a ajiye a wurare dabam, inda gara da yoyon damina da gobara ba za su haɗa su su cinye ba. Kada a ɗauke su hoto, kada a tura wa kai ta WhatsApp, kada a bari mai gyaran waya ya buɗe wa mutum asusu, gama wanda ya ga kalmomin sau ɗaya ya mallaki abin da ke ciki. Kafin a zuba abu mai yawa, a jarraba buɗe asusun da takardar a tabbatar ba a yi tuntuɓen harafi ba.

Hukuma ma na da rawar takawa: Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kuɗin intanet a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023; da an haɗa da wayar da kan jama'a a rediyo cikin harshensu, da asarar ta ragu.

Saura batun gado, wanda shari'a ba ta ɗauke shi da wasa ba. Dukiyar da mai ita ya rasu bai nuna wurin kalmominta ba, haƙƙin magada ne ya salwanta har abada. Don haka, ya kai mai karatu, rubuta kalmominka yau, ka kuma sanar da amintacce ɗaya inda takardar take.