Wa Ke Zaɓo Mana Labari?

 Kina tankaɗe, rediyo na gefenki, shin kin taɓa tunanin wa ya zaɓo labarin da kike ji?

Bari mu ɗauki misalin Rediyon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa ran 13 ga Fabrairun 1946. Majalisar na aiki da harsuna 6, ciki har da Sifaniyanci, harshen hukuma a ƙasashe wajen 20, irin su Meziko da Peru da Kuba.

A ce mace ce shugabar sashen wannan harshe. Aikinta kamar naki ne wajen rabon tuwo. Da safe rahotanni sun taru, lokaci kuwa kaɗan ne, ita za ta ce wannan a gaba, wancan ya jira.

Sai zaɓen kalma. Kin san Hausar Kano da ta Sakkwato sukan saɓa, to su ma haka ne. Kalmar "guagua" motar haya ce a Kuba, amma a Peru jariri take nufi! Dole ta nemo wadda kowa zai gane.

Mafi nauyi shi ne tantance gaskiya. A 1991 kwalara ta ɓarke a Peru. A irin wannan hali, uwar da ba ta iya karatu ba a rediyo za ta ji cewa ta tafasa ruwa. Kuskure ɗaya sai a rasa rai, don magana zarar bunu ce.

Ke ma, kafin ki kai wa maƙwabciya labari, tambayi tushensa.