Tsuke Bakin Aljihu a Makarantun Horar da Hafsoshi: Darasi daga Sudan

Makarantar horar da hafsoshin soja ba malaman aji kaɗai ke riƙe da ita ba. Akwai sajan-sajan masu koyar da fareti, da masu kula da rumbun makamai, da direbobi, da masu dafa abinci, da ma'aikatan asibiti. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, galibi kan waɗannan ake fara sauke gatari, domin rashinsu ba ya bayyana nan take. Amma tarihin Sudan ya nuna cewa duk abin da aka rage a wurin horo, sai an biya shi daga baya.

A 1905 Turawan Ingila suka buɗe Makarantar Soja ta Khartoum. Ɗaya daga cikin ɗalibanta shi ne Ibrahim Abbud, wanda ya karɓi mulki a 1958. A watan Agusta na 1924 ɗaliban makarantar suka yi zanga-zangar ƙin jinin mulkin mallaka. Bayan kisan Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira cikin Nuwamban shekarar, sai aka kori sojojin Masar daga Sudan, aka kuma rufe makarantar. Wato siyasa ce ta rufe ta. Daga nan aka koma ɗaga hafsoshi daga cikin ƙananan sojoji.

Ana cikin haka sai ga karayar tattalin arzikin duniya. Farashin auduga ya faɗi, gwamnati ta shiga sallamar ma'aikata. A 1931 aka rage albashin farko na waɗanda suka gama Kwalejin Gordon daga fam 8 zuwa fam 5 da rabi a wata. Ɗalibai suka ƙaurace wa karatu, har aka daidaita a kan fam 6 da rabi.

Sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Soja ta Sudan, wadda daga baya ta zauna a Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman. Shekara 8 kacal ke nan kafin samun 'yancin kai a 1956. Saboda haka aka maye gurbin hafsoshin Ingila cikin gaggawa, kuma 'yan kudu kaɗan ne suka samu muƙamai. Wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga boren sojojin Torit a Agustan 1955.

A taƙaice, ana iya sallamar sajan a yini ɗaya, amma samar da wanda zai gaje shi kan ɗauki shekaru.