Tantance Shirye-shiryen Digiri a Jami'o'in Nijeriya: Matsayin Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

A wannan sashe mun dubi yadda ake tantance shirye-shiryen digiri a ƙasar nan, domin masu tsara manhajar Hausa su san ma'aunin da za a ɗora aikinsu a kai. Nauyin tantancewar yana wuyan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962 a matsayin mai ba da shawara, sannan doka ta tsayar da ita a 1974. Doka mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin matakin da kowane digiri zai cika. An fitar da ma'aunin farko a 1989, aka sabunta shi a 2007, aka kuma ƙaddamar da wanda ya maye gurbinsa a 2022. Kwalejojin ilimi kuwa, hukumar NCCE ce ke kula da takardar NCE da suke bayarwa.

2.0 Yadda Ake Tantancewa

Da farko sashe yakan cike takardun auna kai. Daga nan hukumar takan turo ayarin manyan malamai daga wasu jami'o'i, su gani da idonsu. Sukan duba ƙunshiyar darussa, da yawan malamai da muƙamansu, da azuzuwa da ofisoshi, da ɗakin karatu, da kuɗin gudanarwa, da ra'ayin waɗanda suka ɗauki ɗaliban aiki. Har takardun jarrabawa da rahoton mai jarrabawa na waje sukan bincika.

Sakamakon iri uku ne. Cikakkiyar amincewa takan ɗauki shekara 5. Amincewar wucin gadi shekara 2 ce, kafin a sake dawowa. Shirin da aka hana wa amincewa kuwa, tilas ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai.

3.0 Abin da Ya Shafi Hausa

A fahimtarmu, rubuta manhaja ba shi ne babban ƙalubale ba. Kowane sashe yana iya jera darussan harshe da adabi da al'ada a takarda. Inda gizo ke saƙa shi ne malamai da kayan aiki, musamman a cibiyoyin da ke wajen ƙasar Hausa, inda samun manyan malaman fannin ke da wuya. Ana koyar da tsarin sauti, amma ina ɗakin gwajin harshe? An sa adabin baka, amma ina faifan waƙoƙi da tatsuniyoyi? Aron malamai da littattafai a makon da baƙi za su zo yana iya samar da maki, sai dai ɗalibi ne ke biyan bashin daga baya.

Ma'aunin 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na manhaja ta tsara da kanta. Ga ɗaliban da Hausa ba harshensu na farko ba ne, muna ganin ya dace a yi amfani da wannan gurbi wajen ƙarfafa furuci da karin sauti da fassara, da zaman koyo a cikin al'ummar Hausawa.

4.0 Shawara

Muna ba da shawarar kada a rubuta wani darasi a manhaja sai an san malamin da zai koyar da shi da littattafan da za a karanta. Haka kuma kowane sashe ya riƙa auna kansa duk shekara da ma'aunin hukumar, ba sai ranar ziyara ta gabato ba.