BAƘAR MOTA A LAFIYA: GARIN NEMAN ƘYALLI KADA A RASA FENTI

Duk wanda ya bi hanyar Shandam a garin Lafiya, inda gidan gwamnatin Jihar Nasarawa yake, zai ga baƙaƙen motoci suna kai da kawowa. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke jihar daga Filato aka mai da Lafiyar Barebari hedkwata, garin ya cika da ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kasuwa, baƙar mota kuwa ta zama alamar cewa mutum ya ci gaba. Haka nan 'yan ƙasar da ke neman abinci a Kurmi, watau Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, in Allah ya buɗa wa mutum ya sayi mota, sau da yawa baƙa yake zaɓa don ya zo gida da ita lokacin Salla.

To, a nan gizo ke saƙa. Ko ta Kefi da Akwanga aka biyo, ko ta Makurɗi, motar ba ta isa ƙofar gida sai ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Nan da nan yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da goga don ya burge baƙo. Da gari ya waye rana ta haska, sai mai mota ya ga jikinta ya cika da siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Daga nan sai wurin masu folish, inda kuskuren rabin sa'a kan jawo asarar da ba ta gyaruwa sai da sabon fenti.

ABIN DA KE KWARZANE FENTI

Ƙurar Lafiya iri biyu ce. Akwai jar ƙasar hanyoyin unguwanni da na ƙauyuka inda ake ɗauko doya da agushi da riɗi, akwai kuma hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsakanin Disamba da Fabrairu. Dukansu suna ɗauke da ƙwayoyin rairayi waɗanda suka fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Saboda haka goge ƙura da busasshen tsumma daidai yake da bin mota da samfefa.

Farar mota ma tana samun wannan kwarzane, sai dai launinta yana rufa mata asiri. Kowane zane yana watsa haske ya yi fari-fari, a jikin farar mota sai ya saje, a jikin baƙa ko shuɗiya mai duhu kuwa sai ya fito ɓaro-ɓaro.

FENTI BA SHI DA KAURI

Abin da masu mota da yawa ba su sani ba shi ne, ƙyallin da folish ke kawowa ba shafa shi ake yi ba, kankaro shi ake yi. Man goge yana ɗauke da gari mai kaifi wanda ke cinye saman fenti har ya yi daidai da zurfin zanen, sa'an nan zanen ya ɓace.

A zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yawancin motoci fenti hawa ɗaya gare su a kan na shimfiɗa, in an goge har launin ya kama tsumma. Motocin yanzu kuwa hawa uku ne: fentin shimfiɗa, da fentin launi, da wani mai wai-wai kamar gilashi a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka ukun a haɗe kaurinsu bai fi maikron 100 zuwa 150 ba, watau kamar takarda ɗaya ta littafin rubutu ko fiye kaɗan. Ita kiliyar kaɗai maikron 40 zuwa 50 ce, ba ta ma kai kaurin gashin kan mutum ba. Ita ce ke kare launi daga rana, kuma abin da aka kankare daga jikinta ba ya dawowa. In ta yi siriri, zafin Lafiya na watan Maris ya ƙarasa ta, sai a ga rufin mota da bonet suna ɓarewa kamar maciji yana saɓa.

Wajibi ne mai 'yar Kwatano ya yi hattara ƙwarai, domin bai san sau nawa aka goge ta kafin ta zo hannunsa ba, bai kuma san wace ƙofa aka sake wa fenti ba.

MAN GOGE HAWA-HAWA NE

Ba kowace kwalba da aka rubuta wa folish ce iri ɗaya ba. Akwai mai kaushi na yanka, wanda aka yi don cire sawun samfefa bayan an yi sabon fenti, ko zane mai zurfi. Irinsa ne G3 na kamfanin Farécla na Ingila wanda masu fenti suka sani, da lamba 105 na Meguiar's na Amurka, da lamba 400 na Menzerna na Jamus. Akwai kuma mai laushi na gamawa, wanda garinsa ya yi liƙis, kamar G10 na Farécla, da 205 na Meguiar's, da 3500 ko 3800 na Menzerna. Na ukun shi ne man kariya mai kaki, wanda ba ya cire zane ko kaɗan, aikinsa kawai ya rufe fenti bayan an gama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko na yanka a bi baƙar mota da shi gaba ɗaya a tsaya nan. Zai cire tsohon zane, amma zai bar nasa, fentin ya yi dishi-dishi. Baƙar mota tilas a gama ta da mai laushi. In kuwa zanen na wanki ne kurum, sau da yawa mai laushin kaɗai ya wadatar, musamman ga motocin Japan irin su Toyota da Honda waɗanda aka san fentinsu da taushi. Na Jamus irin su Marsandi ya fi tauri, yakan bukaci a ɗan ƙara ƙarfi.

Akwai kuma wani mai da ke cike zane da maiƙo ba tare da ya cire shi ba. Mota ta fito tana walƙiya, mai ita ya biya yana godiya, bayan wanki biyu ko uku saƙar gizo-gizo ta dawo inda take. Mai sayen mota a kasuwa ma ya kula da wannan.

FAIFAN GOGE DA INJI

Faifan da ake maƙala wa inji shi ne rabin aikin. Na gashin tunkiya shi ya fi ci, aikinsa yanka ne, ba a gama baƙar mota da shi. Na soso kuwa akwai mai tauri, da matsakaici, da mai taushi. Na gamawa shi ne wanda in an danna da yatsa yake nutsewa nan take. Kada a dogara da launin soso, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Baƙi a wurin wani na gamawa ne, a wurin wani kuma ba haka ba ne. Faifan da aka yi yanka da shi ba a gamawa da shi, wanda ya faɗi ƙasa kuma sai an wanke shi tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zane bonet baki ɗaya.

Inji ma iri biyu ne. Mai juyi ɗaya, wanda ya yi kama da injin masu walda, yana da sauri, amma yana tara zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yakan bar wani gilmawar haske kamar bakan gizo, ko ya ƙone fenti a kan kusurwa da bakin ƙofa. Mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana karkarwa, ya fi jinkiri amma ya fi aminci ga sabon hannu.

YADDA AKE GANE GWANI

Gwani ba ya taɓa mota a rana, domin baƙin ƙarfe da tsakar rana yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa, man ya bushe kafin ya yi aiki. Zai wanke ta a inuwa, ya bi zanen da farce. Wanda farce ya maƙale a ciki ya yi zurfi, ba na folish ba ne, kuma zai faɗa wa mai mota gaskiya. Sa'an nan ya zaɓi wuri kaɗan, kamar kamu ɗaya a tsaye da kwance, ya ɗiga mai laushi kamar ƙwayar wake uku ko huɗu a kan soso mai taushi ya gwada. Ya wanke maiƙon wurin, ya duba da tocila ko a fitar da motar rana. In ya yi, shi ke nan. In bai yi ba ne zai ƙara mataki ɗaya. Wanda ya fara da faifan gashi da mai kaushi ba tare da gwaji ba, da fentin wani yake koyon aiki.

Wannan darasi ya shafi samarin Arewa da ke wankin mota a Kudu. Wanda ya san waɗannan ka'idoji, manyan motoci za su riƙa nemansa. Wanda ya ƙone ƙofar wani kuwa, abin da ya tara na watanni zai tafi wajen biyan fenti.

RIGAKAFI

Tun da fentin ƙididdigagge ne, folish ba abin yi ne kowace Salla ba. Abin da ke tsawaita ƙyalli shi ne wanki mai kyau. A fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi a sauko, tsumman taya kuma kada ya hau jiki. Garin sabulun wanki yana wanke kakin kariya, gara sabulun mota. A tsane da tawul mai laushi, a shafa man kariya bayan 'yan watanni, a nemi rumfa. Kashin tsuntsu da ƙaron itace kuwa a wanke su da wuri, domin suna cin kiliya.

Wanda ya iso Lafiya da baƙar mota ta sha ƙura, ya yi haƙuri ta kwana a haka, ya kuma ja kunnen yaran gida. Ƙura ba ta ɓata mota sai an goga ta. Hausawa dai sun ce garin neman gira akan rasa ido. Allah ya kai kowa gida lafiya.