Gora, Eriya da Busta: Me Ke Jawo Sabis Cikin Gida?

A ƙauyuka da yawa na Arewa, kowa ya san inda sabis yake. A wani gari gindin kukar bayan makaranta ne, a wani kan tudun hanyar kasuwa. A wani gidan kuwa ƙusa ce jikin taga, inda ake rataye wayar maigida dare da rana, ba a sauke ta sai ta yi ƙara. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001 ake ta kafa turakun sadarwa, amma har yau akwai mai POS da sai ya fito bakin titi ya ɗaga na'urarsa sama kafin kuɗi su fita. Wannan ƙunci ne ya buɗe kasuwar eriya da busta da wasu tarkace, kuma kafin mutum ya zuba kuɗinsa ya kamata ya san abu guda: eriya ba ta ƙirƙirar sabis. Wanda ke yawo a iska take tattarowa. Inda babu, babu.

Waya da turke suna magana ne da igiyoyin rediyo. Tsohon layin 2G yana kan mita 900 da 1800, 3G galibi kan 2100, 4G kan irin su 800 da 1800 da 2600, duk a ma'aunin megahaz, 5G kuma kan 3500. Iya hawan mita, iya gajartar zangon igiyar: a 900 tsawonsa wajen santimita 33 ne, a 1800 kusan 17, a 3500 bai kai 9 ba. Mai dogon zango ta fi cin nisa, ta fi kuma ratsa bango. Wannan na cikin dalilan da suka sa in mota ta bar gari za ka ga alamar 4G ta ɓace, harafin E na 2G ya maye gurbinta: kira na shiga, hoton WhatsApp kuwa sai juyawa yake.

Maganar kuma ta kai da kawowa ce. Turke na da wuta da manyan eriyoyi can ƙololuwa. Wayar hannu kuwa iyakar ƙarfinta wat 2 a kan 2G, a kan 4G wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya. Sau da yawa wayar na jin turke, shi ne ba ya jin ta. Sai ta dage da iyakar ƙarfinta, ta ɗau zafi, caji ya zube kafin azahar, mai ita ya ɗora wa batir laifi.

Tsakanin su biyun akwai tudu, akwai ginin siminti mai rodi, akwai ganyen itatuwa da ke cika da damina, akwai kuma babban abokin gaba, wato kwanon rufi, don ƙarfe mayar da igiyar rediyo yake yi. Shagon kwantena ya fi ko'ina muni. Hatta tafin hannu na rage sabis. A 2010 sai da kamfanin Apple ya raba wa masu iPhone 4 rigar waya kyauta, saboda riƙe ta a wani gefe na sa sabis ya faɗi.

Matakin farko ba ya cin ko sisi. 'Yan sandunan da ke saman fuskar waya ba ma'auni ba ne, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Ainihin lambar tana cikin saitin waya, wajen bayanin sim, da alamar dBm da ɗan gajeren layi a gabanta. Kusa da -70 sabis ne mai kyau, -110 kuwa bakin gaɓa ne. Duk bambancin 3 ninki biyu ne na ƙarfi, bambancin 10 ninki goma. Mutum ya zagaya gidansa yana duba lambar, ya ɗan tsaya a kowane wuri ta daidaita, ya gwada tsakar gida da bakin taga da saman soro, ya kuma gwada sim na wani kamfanin. Ba mamaki ya tarar tsakanin ɗaka da kan katanga akwai tazarar da wata eriyar kasuwa ba za ta ba shi ba.

In lambar ta nuna akwai abin kamawa a sama, to eriya ta yi rana. Wadda aka fi sani ita ce Yagi, mai kama da ƙashin kifi, irin ta talabijin. Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi ne suka fito da ita a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Aikinta irin na madubin cocila ne: ƙwan bai ƙara wuta ba, an dai tara hasken an fuskantar da shi waje guda. Don haka dole a saita bakinta sak ga turke, a riƙa juya ta kaɗan-kaɗan ana duba lamba. Mai walda ko mai gyaran rediyo zai iya ƙera ta da sandunan alminiyam, amma awo shi ne komai. Sandar da kebul ke shiga tsawonta kusan rabin zango ne, wato wajen santimita 16 ga mita 900, wajen 8 ga 1800. Eriyar talabijin an yanka ta ne don mitar da ke ƙasa da waɗannan, shi ya sa ba kasafai take biyan buƙata ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne haɗawa. Wasu wayoyin dā suna da kafar eriya a bayansu, na yanzu ba su da ita. Nannaɗe wayar tagulla a jikin wayar hannu a ja ta zuwa rufi, kamar yadda ake gani a bidiyoyin intanet, mafi yawan abin da aka kamo a hanya yake zubewa. Abin da ke aiki shi ne rauta ko MiFi mai kafar eriya: sim ya zauna a ciki, 'yan gida su ɗauka ta Wi-Fi. Na 4G kafa biyu gare su, don da eriya biyu yake samun cikakken gudunsa. Sannan doguwar kebul ɓarauniya ce. Siririyar nan mai araha, a tsawon mita goma, tana cinye fiye da rabin abin da eriya ta kamo. A ganina ya fi a ɗaga ita kanta rautar sama, cikin akwatin roba mai kare ruwa da rana, a sauko da wayar wuta ko kebul ɗin intanet. Wasu kan ɗaure modem a gaban tsohon faifan tauraron ɗan'adam, daidai inda ƙaramin kan nan yake zama, kuma dabarar na da tushe, don faifan na tara igiyar a wurin. A dai kula da mai batir a ciki, zafin Afrilu na kumbura shi. Sitikar da ake liƙawa bayan waya da manhajar da ke alƙawarin ƙara sabis kuwa, asarar kuɗi ce da data.

Gora ko bututun ƙarfen da aka ɗora eriya a kai, in ya ɗara rufi, kira ne ga tsawa. A ja masa waya mai kauri zuwa sandar da aka binne a ƙasa, a kuma nisanta shi da wayoyin lantarki tun wajen ɗagawa.

Busta wani zance ne daban, domin ita da wuta take aiki, tana kamowa ta ƙara ƙarfi ta sake watsawa cikin gida. Mai arha ba ta tantancewa, har hayaniya take haɓakawa ta aika wa turke. In eriyarta ta waje da ta ciki suka yi kusa, sai ta shiga jin kanta tana maimaitawa, ta toshe kunnen turken, kiran unguwa guda ya riƙa yankewa alhali mai gidan na murna sabis ya cika. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi cewa sayarwa da kafawa da amfani da busta ba tare da izini ba saɓa wa dokar sadarwa ta 2003 ne, kamfanoni masu lasisi kaɗai ke da hurumin kafa ta. Mai otal ko asibiti da ke buƙata, kamfanin layinsa zai nema.

Akwai kuma matsalar da ba ta eriya ba ce sam. A kasuwar Kantin Kwari da rana tsaka sabis a cike yake, data kuwa tana jan ƙafa, saboda dubban wayoyi ne ke rabon turke guda. In dizal ya ƙare a gindin turke, ko masu aikin hanya suka tsinke kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa, ko aka kashe turakun da gangan kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, gora komai tsawonta ba ta da abin kamowa. A bakin iyaka, irin su Illela da Jibiya, tsayin ma kan jawo layin Nijar, sim ya shiga yawon waje kuɗi su tafi, sai an zaɓi kamfani da hannu a saiti. Garin da ya yi wa turke nisa ƙwarai kuwa, kamar wanda ya wuce kilomita 35 da tsarin 2G na asali ke iya kaiwa, sabon turke yake buƙata. Dokar 2003 ta tanadi asusun USPF don tallafa wa kafa su a inda kamfanoni ba su hango riba ba, kuma layin ƙorafi na NCC, 622, kyauta ake kiransa.