Wasannin Kwamfuta Na Sata: Arahar Da Ke Jawo Wa 'Yan Kasuwa Asara

A shagunan sayar da kwamfuta da wayoyi na manyan biranen ƙasar nan, abu ne mai sauƙi mutum ya biya kuɗi kaɗan a zuba masa wasannin bidiyo masu tsada a cikin na'urarsa. Wasu kuma daga intanet suke sauko da su kyauta. Akasarin irin waɗannan wasanni na sata ne, wato an fasa makullin da kamfanin da ya ƙirƙiro su ya sanya domin tabbatar da cewa an saya.

Masu fasa makullin ba don Allah suke wannan wahala ba. Sau da yawa sukan cusa muguwar manhaja a cikin wasan, sannan su umarci mai ɗorawa da ya kashe manhajar tsaron na'urarsa tukuna, bisa hujjar cewa za ta hana wasan aiki. Da hannunsa ke nan mai kaya yake buɗe wa ɓarawo ƙofa.

A watan Yunin 2021, kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana gano wata muguwar manhaja da ya laƙaba wa suna Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin kwafin sata na wasanni irin su Grand Theft Auto V da Far Cry 5 da NBA 2K19. Kamfanin ya ce tun daga 2018 take yawo, ta kuma kama kwamfutoci fiye da 222,000 a ƙasashe da dama, ciki har da Indiya da Barazil da Amurka. Da zarar ta shiga, sai ta goge manhajar tsaro, ta tsayar da sabunta Windows, sannan ta sa na'urar haƙo kuɗin intanet na Monero a ɓoye. Masu ita sun tara abin da ya haura dala miliyan 2, alhali masu na'urorin ne suka biya kuɗin wuta da na gyara.

Akwai waɗanda suka fi wannan haɗari. Manhajar RedLine, wadda ta ɓulla a 2020, kalmomin sirri da bayanan katin banki da aka adana cikin na'ura take kwashewa, kuma wasannin sata na daga cikin hanyoyin yaɗa ta. Sai a watan Oktoban 2024 'yan sandan Holan tare da takwarorinsu na wasu ƙasashe suka rufe na'urorin da ake tafiyar da ita.

Inda lamarin ya shafi ɗan kasuwa shi ne, a ƙananan masana'antu da shaguna da yawa, kwamfutar da ake lissafin ciniki da mu'amalar banki da ita, ita ce yaran shago ko 'ya'yan maigida ke wasa da ita bayan an tashi. Wasa guda na sata ya isa ya fallasa asusun kamfani da bayanan abokan ciniki.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta zauna haka kawai ba. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa muguwar manhaja. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta haramta fasa makullin kariya na ayyukan fasaha. Haka nan dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, tare da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

To sai dai masu ƙera waɗannan manhajoji galibi a ƙetare suke, inda hannun hukuma ke wuyar kaiwa, kuma kuɗin da suka fita daga asusu ba kasafai suke dawowa ba. Saboda haka nauyin farko yana wuyan mai dukiya: ya ware na'urar kasuwanci daga ta wasa, ya sayi manhaja ta halal, ya hana kowa kashe tsaron na'ura. Kuɗin wasa na gaskiya, komai tsadarsa, bai kai asarar jarin shekara ba.