Liyafar kwana uku da abokai: yadda za ku ci, ku sha, ku tashi lafiya

Idan hutu ya faɗo ranar Juma'a ko Litinin, kamar hutun 3 ga Agusta, ko na 18 ga Disamba, ko na salla, ma'aikata da ɗalibai sukan sami kwana uku jere. Ƴan fada ɗaya a Damagaram, ko tsofaffin abokan makaranta a Maraɗi da Tawa da Yamai, sukan yi karo-karo su sayi rago ko kaji, a yini ana girki, ana shayi, ana hira. Wannan al'ada ce mai kyau, domin zumunta a ƙafa take. Sai dai abincin kwana uku yana da nasa haɗari, wanda girkin yini ɗaya ba shi da shi. Ga abin da ya kamata ku sani.

Me ya sa ake bukatar kula?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 ke mutuwa. Daga cikin mamatan, kimanin 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da amai ba a ganinsu da ido, kuma sau da yawa ba sa canza ɗanɗanon abinci ko ƙanshinsa. Suna hayayyafa da sauri idan ɗumin abinci yana tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin ƙasarmu na cikin wannan tsakani kusan duk shekara. Saboda haka tukunyar da aka sauke da azahar, aka bari a zaure har dare, ta zama gonar ƙwayoyin cuta ko da a rufe take.

Kafin ranar

Ku zauna ku yanke abin da kowa zai bayar, ku rubuta a littafi, ku naɗa ma'aji ɗaya. Misali, mutum 10 in kowa ya ba da jika 5, an sami jika 50; sai a raba su kwana uku tun kafin a je kasuwa, kada ranar farko ta cinye kuɗin ta uku. Kada kowa ya ci bashi domin liyafa. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo itace, ko tiyar hatsi, ko ƙarfinsa.

Ku raba aiki kuma. In an bar wa matan gida ɗaya daka da girki da wanke-wanke, to su ba su yi hutu ba. Maza na iya ɗaukar gashi da ɗebo ruwa da wanke kwanoni.

Tsarin girki

Ƙa'idar ita ce: abin da ke saurin lalacewa shi ake fara ci.

Rana ta farko: kayan ciki, da farfesu, da ɗanyen ganye kamar salati da tumatir. Ku sayi naman da likitan dabbobi ya duba a mahauta. Dabbar da ta mutu da kanta, ko aka yanka tana ciwo, kada ku taɓa namanta komai arhansa.

Rana ta biyu: naman da aka gasa ko aka soya tun jiya har ruwansa ya ƙone. Irin bandar da muke yi wa ragunan layya, a gicciye su a kan sanduna kewaye da wuta yini guda, dabara ce ta ajiya, domin wuta da hayaƙi suna busar da nama. Amma tsakiyar cinya takan yi jinkirin nuna. Ku tsaga ku duba, in da sauran ja a mayar wuta.

Rana ta uku: busasshen abinci, kamar kilishi, da dambun zogale, da shinkafa da wake, da tuwon hatsi da miyar kuka, a dafa su sabo.

Dokoki biyar na madafa

1. Ku wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin ci, da bayan fitowa daga ban ɗaki. A zuba wa kowa ruwa da buta. Kada a tsoma hannu cikin kwano ɗaya.
2. Wuƙa da tiren ɗanyen nama dabam, na dafaffe dabam.
3. Nama da kaza da ƙwai su dahu har ciki.
4. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Ko ya zauna bisa wuta da zafinsa, ko ya shiga firigo. In ba firigo, ko wutar lantarki na yawan ɗaukewa, ku dafa daidai ci, ragowar a ba maƙwabta tun da zafinta.
5. Miyar da ta kwana a tafasa ta sosai. Ku yi hattara da kwananniyar shinkafa: wata ƙwayar cuta na barin dafi a cikinta wanda ɗumame ba ya kashewa.

Abin sha

Zoɓo da lemun hari da kunun tsamiya, tsabtarsu ita ce tsabtar ruwan da aka haɗa su da shi. Haka ma ƙanƙara, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ku tafasa ruwa ko ku sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, ku bi umurnin da ke jikin takardar. Da damina a ƙara kula: kwalara ta ɓulla a jihar Maraɗi a 2018, ta kuma sake ɓulla a jihohi da dama a 2021. Madarar da za a yi nono da ita don dama fura, a fara tafasa ta.

Shayi shi ne gishirin fada, amma yana rage wa jiki amfanin sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda ke gina jini. Mata masu ciki da yara su bar tazara tsakanin ci da shan shayi. Masu ciwon sukari su nemi nasu kofin kafin a zuba sukari. Lokacin ɗari, kada ku hura gawayi cikin ɗaki a rufe. Iskarsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

In wani ya kamu da zawo

Ku ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In yaro ne, ko tsoho, ko an ga jini, ko zawon ya yi kama da ruwan shinkafa, ko mutane da yawa sun kamu lokaci ɗaya, ku kai su gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Ranar tashi, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, a share wurin, a mayar da tukwanen aro a wanke. Haka ne mai gida zai yarda ku sake taruwa a gidansa hutu mai zuwa.